Takarda Marar Kai

Zuwa ga Gwaggona,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar, ya kunnen? Na san waya ba ta da amfani a wurinki tun da injinan masaƙa suka cinye miki ji, shi ya sa na koma takarda. Direban da ke kai rodi garinku ne zai miƙo miki, shi kuma za ki ba amsa in ya juyo. Mai ɗakina tana gaishe ki. Mu nan lafiya lau.

Bayan haka, lafiyar ta baki ce kawai. Ranar Talata rodi ya kuɓuce daga layi a wurin aikinmu. Ƙarfen nan yana fitowa daga injin jajawur ne, da gudu. Ya tashi sama, ya lanƙwaso, ya shiga cinyar Dogo, wanda ke tsaye kusa da ni, ya fita ta baya. Kafin in ji ihunsa na ji ƙaurin nama. Akwai ragar ƙarfe da ke tare irin wannan, amma tun bara aka cire ta, wai tana rage saurin aiki. Ba a kashe injin ba, Gwaggo. Mu biyu muka ja shi gefe, shugaban layi yana daka mana tsawa mu koma bakin aiki.

Kafin la'asar an shigo da wani a madadinsa. Kullum akwai mutum sama da ɗari a tsugune a bakin ƙofa, suna jiran wani ya faɗi. Kamfani ya ce Dogo ba ma'aikacinsa ba ne, na ɗan kwangila ne. Ɗan kwangilar, wanda ya ɗebo mu duka ya kawo, ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Shekaranjiya aka yanke ƙafar.

Na nemi ofishin ƙungiyar ƙwadago da kike ba mu labari muna yara. Allon yana nan, amma katifa ake sayarwa a ɗakin. Da ƙyar na samo sakataren. Ya ce mu 'yan kwangila ba mu da kati, saboda haka ba ya da hurumin magana a kanmu.

Ke kin yi shekara ashirin kina gaba a duk yajin aikin masaƙa. Yaya kuke yi? Ragar nan kawai muke so a mayar. Amma kowa ya san duk wanda ya fara buɗe baki, shi za a fara kora.

Naki,
Mai sunan mahaifinki.

*

Babana,

Na ga takardarka, na karanta sau biyu. Ƙafa da sauƙi, kunne kuwa yana nan yadda ka san shi, maƙwabta su yi ta zagina ina yi musu murmushi. Ka gaishe da matarka. Allah ya ba Dogo lafiya, ya saka masa.

To, amma ku wane irin maza ne? Mutum ya soye a gabanku kuma kuka koma kuna tura ƙarfe? A zamaninmu ko yatsa inji ya taɓa, sai masaƙa ta yi tsit har ka ji kukan tsuntsu. An ba ka sunan ubana, ka daure ka nemo zuciyarsa ma.

Ga yadda muke yi. Ka sami farar takarda babba. A tsakiya ka rubuta buƙatarku, layi biyu, ban da zagi. Sai ka kifa murfin tukunya a kai ka zagaye shi da biro. Kowa ya sa hannu a bakin da'irar nan, suna yana bin suna har su haɗe. In aka yi jeri daga sama zuwa ƙasa, na farko shi ne kai, shi za a sare. Da'ira kuwa ba ta da kai ba ta da wutsiya. Manajanmu ya taɓa riƙe irinta yana juya ta kamar sitiyari, gumi yana ɗiga daga haɓarsa, ya rasa wanda zai kama. Kwana uku aka biya mana buƙata.

Sharaɗin ɗaya ne. Kafin kowa ya sa hannu, ya rantse ba zai faɗi wanda ya zana ba, ko da za a karya masa ƙashi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma sai in bakin yawan ɗaya ne.

Ka rubuto min yadda ta kaya. Kuma ka daina cewa lafiya lau a farkon takarda in ba lafiya.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Wannan karon lafiyar ta gaske ce, har Dogo ya fara zama da kansa.

An yi! Sunaye talatin da huɗu. Ranar Asabar da hutun rana na tara su a bayan tanderu, inda ƙara ba ta barin kowa ya ji mu daga nesa, na karanta musu takardarki daga farko har ƙarshe. Da na zo wurin "ku wane irin maza ne" sai kowa ya sunkuyar da kai, sai mai walda ya fashe da dariya. Dattijo ne, ya fi kowa daɗewa a nan, 'ya'yansa mata shida, ba ya da yawan magana. Ya ce, "Wannan gwaggo taka, da ita aka ba kamfanin da tuni an mayar da ragar." Shi ya fara rantsuwa, sauran suka bi.

Abu ɗaya na canza, kada ki yi faɗa. Murfin tukunyarmu ya lotse, da'irar ta fito kamar ƙwai. Na ce takardar da za ta shiga ofishin manaja ba za ta je a karkace ba, su raina mu. Sai na ari kamfas ɗin mai walda, irin mai ƙafa biyu ɗin nan da yake zana da'ira a kan fallen ƙarfe kafin ya yanka. Ta fito tsaf, ko ɗan makaranta albarka. Da kin gani da kin yi alfahari da ni.

Jiya da safe aka zura ta ta ƙarƙashin ƙofar manaja. Har yanzu shiru. Amma yau na ga shugaban layi yana gaishe mu, abin da bai taɓa yi ba.

Naki,
Babanki.

*

Gwaggo,

Ban jira amsarki ba. Direban ya ce zai bi ta wajenku gobe, ki yi haƙuri da rubutun, cikin gaggawa na yi shi.

Ranar Laraba da hutun rana ɗan kwangila ya shigo da mota, da ƙarti shida a baya, kowa da guntun rodi a hannu. Aka jera mu talatin da huɗu a fili, cikin rana. Ya fito da takardar. Bai juya ta ba, Gwaggo, bai yi gumi ba. Ɗaga ta ya yi sama, saitin rana, sai ga haske yana fitowa ta wani ɗan ƙaramin huji a tsakiyarta, inda ƙafar kamfas ta tsaya. Ya ce, "Wa ke da kamfas a gidan nan?"

Ba wanda ya tanka. Aka zazzage akwatunan kayan aikinmu a ƙasa. Mutum ɗaya ne ke da shi.

Suka jawo mai walda tsakiya. Ɗan kwangila ya ce, "Baba, na san ba ka iya rubutu mai kyau haka ba. Wa ka ara wa?" Ya ce shi bai ara wa kowa ba. Na farkon ƙartin ya sauke masa rodi a gadon baya, na ji ƙarar har cikin haƙorana. Ya durƙusa. Suka rufe shi da duka, da ƙafa da ƙarfe, har hularsa ta yi gefe, jini yana fita ta kunnensa. Muna tsaye kamar an dasa mu. Wani a kusa da ni ya saki fitsari a wando.

Na ɗaga ƙafa zan fita. Wallahi na ɗaga. Sai ya ɗago kai daga ƙasa ya dube ni, ya girgiza shi kaɗan. Na mayar da ƙafar.

Yanzu yana kulle a kwantenar da ke bayan sito. Sun ce wayar wuta ya sata, bincike suke yi. Matarsa ta zo bakin ƙofa da abinci, suka kifar. Jiya ma an fito da shi da hutun rana an maimaita a gabanmu, tambaya ɗaya, amsa ɗaya. Ɗan kwangila ya ce kullum za a yi har sai an sami suna.

Ni na zana, ni na ara, ni na karanta musu rantsuwar. In na fito na karya alkawarin mutum talatin da huɗu, kuma na san abin da za a yi min. In na yi shiru dattijon nan zai mutu a kan laifina. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Ki gaya min abin da zan yi, abin da kika ce shi zan bi.

Babanki.

*

Babana,

Gaisuwa da fatan alheri. Yau na tashi da ƙarfina, har na share tsakar gida da kaina, duk don daɗin takardarka. Talatin da huɗu! Ashe akwai sauran maza. Ka gaishe min da mai waldan nan, ka ce masa da ina da sauran ƙuruciya da na yi wa matarsa fashi. Batun kamfas kuwa, kai dai ka cika iyayi tun kana yaro.

Yanzu ka buɗe kunne, tunda kai naka yana aiki. Shirun da suka yi ba alheri ba ne, shiri suke. Za su zo da barazana. Za su ware mutum ɗaya su ce sun gano shi, don mai zanen ya ji tausayi ya fito. Tsohuwar dabara ce. Mu ma sun taɓa kulle wata 'yar layinmu kwana biyu a ɗakin masu gadi. Ba wadda ta ce uffan, a rana ta uku suka sake ta suna ba ta haƙuri.

Saboda haka kome ka gani, ka danne zuciyarka. Wanda ya fito ya ce "ni ne" bai ceci kowa ba, ya dai nuna musu cewa duka yana aiki, gobe su daki wani. In ka kuskura ka buɗe baki ka zubar da mutum talatin da uku, kuma ba ni ba kai. Kwana uku ne, Babana. Ka daure.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Amsarki ta same ni a bakin ƙofa ranar Litinin da safe. Na riga na yi sallama da mai ɗakina, na gaya mata inda za ta in ban dawo ba, domin na yanke shawarar zan shiga in faɗa. Sai ga wani direba ya miƙo min takardarki. Na karanta a tsaye. Na ce Gwaggo ta ga jiya ta ga yau, ta san abin da ban sani ba. Na ninke ta na sa a aljihu, na wuce layi.

Da hutun rana aka fito da mai walda. Ba ya iya tsayuwa, mutum biyu ke riƙe da shi, fuskar ta kumbura har idon hagu ya rufe. Wannan karon ba su tsaya a fili ba, teburin aikinsa suka kai shi, na ƙarfe, inda yake ɗaure abin da zai yi wa walda. Ɗan kwangila ya ce, "Hannun da ya ba da aron kamfas, shi zai biya." Suka shimfiɗa hannun dama a kai. Ya sake tambaya. Mai walda ya ce, "Na rantse."

Guduma suka sa, Gwaggo. Sau uku. Sannan na hagu.

Ban san mutum yana iya irin wannan kuka ba. Na cusa hannu a aljihu na damƙe takardarki har ta jiƙe, ina ta maimaitawa a raina, kwana uku ne, kwana uku ne, alhali ranar kwana na shida ke nan. Da ya suma suka ɗauke shi suka ajiye a wajen ƙofa, a gaban masu jiran aiki. Su ne suka tare mota suka kai shi asibiti. Mu kuwa aka buga ƙararrawa muka koma layi.

Na yi yadda kika ce. Ban buɗe baki ba, ba wanda ya buɗe. Yanzu sai ki gaya min yaushe za su ba shi haƙurin.

Babanki.

*

Babana,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba gaisuwa yau.

Takardunka biyu tare suka zo hannuna jiya, ta dukan farko da ta gudumar. Motar direbanku ta lalace a hanya, ta kwana biyar, takardar tana aljihunsa. Wadda ka karanta a bakin ƙofa ba amsar tambayarka ba ce. Amsar ta murnar sunaye ce, na ba wani direban. Lokacin da nake rubuta ka daure, ban san an taɓa ko gashin kan mutum ba. Da ka duba da kyau da ka ga ina gaishe shi ina wasa. Amma ba zan ɗora maka ba, mai neman mafita ba ya karatu da kyau, kuma ni na rubuta.

Akwai abin da ban gaya maka ba, ba don ɓoyo ba, don na manta da shi, tsufa ya bar min daɗin labari ya kwashe sauran. Yarinyar nan da aka kulle, ba shirunmu ne ya fito da ita ba. Mu dubu huɗu ne muka zauna a bakin ƙofa. Direbobi suka ƙi ɗaukar kaya, masu lodi suka ƙi lodi, lauyan ƙungiya yana ofishin manaja tun safe. Ba wanda ya isa ya ɗaga mata hannu, mu ma mun sani, shi ya sa rantsuwar karya ƙashi ba ta yi mana nauyi a baki ba. Ba a taɓa karya wa kowa ƙashi ba. Ƙungiya ce ta tsare mu, takardar ado ce kawai. Na ɗauki adon na ba ku, na tura ku gaban mutanen da ba sa tsoron kowa.

Tun jiya ban sa kome a bakina ba. Ina jin kunyar bawan Allahn nan da ban taɓa gani ba.

Na warware maka rantsuwar, ni na ɗaura ta. Kada ka bari ƙaryar sata ta zauna a kansa, yana da 'ya'ya mata shida da za a nuna da baki. Ka je ka faɗi gaskiya, amma kada ka je kai kaɗai, ka tafi da shaidu, kuma ka tsaya kusa da ƙofa. In sun tambayi wanda ya koya maka, ka ce wata tsohuwar banza ce mai dogon baki.

Gwaggonka.

*

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Ki ci abinci, don Allah. Rashin cinki ba zai gyara kome ba.

Na fara zuwa asibiti wurin mai walda. Likita ya ce hannun dama ba zai ƙara riƙe kome ba, na hagu wataƙila cokali. Babbar 'yarsa ce ke ba shi ruwa a baki. Na karanta masa takardarki. Ya ce in gaya miki bai faɗi sunan kowa ba. Sau biyu ya maimaita, don kada in manta. Na ce masa zan je in faɗa da kaina. Ya ce, "To ni kuma na ba da hannuwana a kan me?" Na tashi na fito.

Shaidu kuwa, na bi mutum talatin da biyu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce ɗansa ba lafiya, wancan ya ce bai ji me na ce ba saboda ƙarar inji. Ban ga laifinsu ba. Ni kaɗai na tafi, jiya da safe.

Ɗan kwangila yana zaune a ofishinsa yana shan shayi, biyu daga cikin ƙartin suna bakin ƙofa. Na tsaya a gabansa. Na ce, "Ni na zana da'irar. Ni na ari kamfas. Mai walda bai saci kome ba, bai rubuta kome ba." Na rufe ido ina jiran ƙarfe.

Sai na ji dariya. Ya ce, "Kai ne mai karanta musu wasiƙa a bayan tanderu, ai tun ranar Asabar ɗin aka gaya min."

Na ce to me ya sa aka yi wa dattijo haka?

Ya kurɓi shayinsa. Ya ce, "Kai wa ya san ka? In na dake ka, gobe sun manta. Shi kuwa kowa yana jin nauyinsa. Kuma ya tsufa, aikinsa ya yi sanyi, kai ko da sauranka." Ya ce maganar sata ta riga ta shiga takarda, ba mai fitar da ita. Ya dubi agogo ya ce, "An buga ƙararrawa. Akwai mutum ɗari a waje. Za ka koma layi ko in kira ɗaya?"

Na tsaya ina kallon kofin shayin. Na yi tunanin in kife masa shi a fuska, na yi tunanin gudumar, na yi tunanin mai ɗakina da watan haihuwarta ya kama. Ko marina ba su yi ba, Gwaggo. Ɗaya daga cikin ƙartin har matsa min ya yi in wuce.

Kin ce in rubuto miki gaskiya ko ba daɗi. Na koma layi.

Babanki.